Akwatin Rabon Ruwa da Aikin Baba Tanko

Wata tara ke nan da dawowata daga Nijar, har yau ban huta da tambaya ba. In na zauna gindin bedi a bakin tashar Dutsin-Ma, sai wani ya ce, "Lawal Injin, ina labarin Faransa?" In na je Tamawa gaida gyatumata, abokan ƙuruciya su tare ni su ce sai na ba su labarin akwatin da aka ce ya fi mutum hankali. Nakan ba su na dogon burodi da na jandarma, a yi dariya a watse. Sauran ba na iya faɗinsa a tsaye bakin hanya, don ba abin dariya ba ne. Shi ya sa na ce bari in zauna in rubuta shi sau ɗaya, duk wanda ya ƙara tambaya in miƙa masa.

Ga wanda bai san ni ba, ni ke kula da injinan ban ruwa na wata ƙungiyar manoman rani da ke ƙasa da madatsar ruwa ta Zobe. Alkama muke yi, da albasa da tumatir. Ruwan ba ya isar kowa lokaci guda, don haka rabawa ake yi, kowane manomi da ranarsa da sa'arsa. Mai rabon, lokacin da zan tafi, shi ne Baba Tanko, wani dogon dattijo mai ɗan ɗingishi, wanda tun ana ban ruwa da jigo yake wannan aiki a fadamar. Ba shi da ko fangali ɗaya nasa na kansa. Rabon ruwan nan shi ne cinsa, shi ne shansa, shi ne kuma abin da ya sa in ya shigo taro ake matsa masa a tabarma.

Ba zan ɓoye ba, ni da Baba ba ma jituwa a wajen aiki. Ina da takardar jeri wadda kwamiti ya sa wa hannu, na manna ta a bangon ɗakin inji. Sai in kunna injin gabas bisa takarda, Baba ya leƙo ya ce in kashe in kunna na yamma, wai yau ya musanya wane da wane. In na tambayi dalili ya ce, "Haka ta kama." Ni kuwa shekara uku na yi a makarantar koyon sana'a, ga zafin kai, "haka ta kama" ba ta cikin abin da aka koya mini. Sau biyu ina kai ƙararsa wurin shugaban ƙungiya, Alhaji Sada. A na biyun har na ce tsohon yana son kai, kuma a gaban mutane na faɗa.

Farkon bazarar bara wani ɗan kamfani ya zo daga Kaduna. Ya buɗe jakarsa gaban kwamiti ya fito da wata 'yar aba baƙa, ba ta kai ɗan yatsa tsawo ba, da ƙafafun ƙarfe jere gefe da gefe kamar na shanshani. Ya ce da Hausa sai dai a kira ta ƙwaƙwalwa. Ana rubuta mata jerin gonaki da sa'o'i a ciki, a sa ta cikin wani akwati, akwatin ya riƙa kunna inji yana kashewa, yana buɗe bawul, wato murfin bututun ruwa, yana rufewa da kansa. "Ba ta san ɗan'uwan kowa ba," in ji shi, "ba ta kuma karɓar goro." Mutane suka dubi juna, wasu suka dube ni.

Alhaji Sada ya ce shi ba ya sayen abin da bai ga yana aiki ba. Ɗan kamfani ya ce akwai irinsa a wata fadama gaba da Maraɗi, shekara biyu ke nan yana aiki. Nan take aka tsayar da mutum biyu su je su gano, ni da Mista Bulus, injiniyan ƙungiya. Kirista ne daga kudancin Zariya, ya daɗe a Dutsin-Ma har Hausarsa ta koma ta Katsina. Alhaji ya ce, "Abin da kuka dawo kuka faɗa shi za mu yi. In akwatin ya yi, sai Tanko shi huta." Kowa ya san abin da hutun ke nufi.

Ranar tafiya da sassafe Baba ya zo tasha da sandarsa. Na ɗauka roƙo ya kawo shi, har na shirya amsar da zan ba shi. Sai ya ba mu hannu ya ce, "Allah shi kai ku lafiya. Ku dubo da kyau." Ya juya ya nufi fadama.

Motar ba ta yi nisa ba ta nuna halinta. Dab da shiga Kurfi taya ta fashe, direba ya duba safaya ya ce ita ma ba iska, aka mirgina tayar cikin gari wurin mai faci. Muka zauna gindin wata tsamiya wajen sa'a biyu. Wani mai albasa daga garinmu ya gane ni ya ce, "Lawali, an ce za ka ƙasar Faransa sayo aljani." Na ce aljani ne mai gaskiya. Mista Bulus dai hannunsa na kan aljihun ƙirjinsa. Ɗan kamfani ya ba mu aron ƙwaƙwalwa ɗaya mu gwada da ta can, Bulus ya naɗe ta da auduga ya sa cikin kwalin ashana. An gargaɗe shi cewa a bayanta akwai 'yar tagar gilashi da aka liƙe da takarda, in haske ya shiga duk abin da aka rubuta ya goge. Tun daga Dutsin-Ma yake dafe da aljihun nan kamar mai ciwon ƙirji.

A Katsina muka sake mota zuwa Jibiya. Ba a daɗe da sake buɗe iyaka ba, motar cike take da masu zuwa ganin dangi. Wata tsohuwa kusa da ni tana rungume da sabon zanen goyo. Ta ce jikanta za ta gano, an haife shi iyaka na rufe, ta sayi zanen ta ajiye, yanzu an ce har gudu yake yi. Na ce to zanen fa? Ta ce ai uwar ba ta gama haihuwa ba.

'Yan kwastan ɗinmu suka leƙa suka ce mu wuce. Na can kuwa ba sa wasa. Kowa ya sauko, a yi layi, kowa ya kwance kayansa a ƙasa. Abin da ya ba ni mamaki, jandarman da ya zo kanmu Hausarsa irin ta kakata ce sak, amma in ya ɗauki alƙalami sai Faransanci. Ya lalube Bulus ya ciro kwalin ashana.

"Mi ne ne wanga?"

"Ƙwaƙwalwar inji ce, Yallaɓai."

Jandarma ya juya ta, ya sa farce ya ɓare takardar, ya ɗaga ta sama yana leƙen tagar a hasken rana tsaka. Bulus, mutumin da ban taɓa jin ya ɗaga murya ba, ya kwarma ihu, "Wayyo, za ka kashe ta!" Wannan ihun shi ya ja mana. Aka ware mu gefe, motarmu ta tafi ta bar mu. Takardar shaidar da Alhaji ya ba mu da Turanci take, ba mai karanta ta. Sai da wani babbansu mai furfura ya zo ya dubi abin, ya dubi Bulus yana zufa, ya ce a rubuta kayan rediyo ne a bar bayin Allah su wuce.

Mun shiga Maraɗi bayan azahar, muka tarar da ofishin da aka kwatanta mana a kulle. Maigadi ya ce kowa ya tafi gida barci, sai wajen la'asar. Na yi tsaki na ce wace irin ƙasa ce ma'aikata ke barci da rana. Daga baya na janye tsakina, don da suka dawo sai da suka kai kusan magariba suna aiki, mu kuwa a gida in ma'aikaci ya fita sallar azahar sai kuma gobe. Muna jira muka ci abinci a wata rumfa. Burodinsu dogo ne kamar taɓarya, ɓawonsa na yankan dasashi, ana ba da shi da gahawa da madara cikin ƙaton kofi. Bulus ya yi ta fama da nasa har mai rumfa ya tausaya masa ya ce tsomawa ake yi.

Wanda ya karɓe mu sunansa Malam Isufu, shi ke kula da akwatin, siriri ne mai sanyin magana. Bulus bai jira an gama gaisuwa ba ya fito da kwalin ashana ya ba shi labarin iyaka kamar mai kai rahoton mutuwa. Isufu ya yi dariya ya ce sai ta kwana bakwai ko fiye a rana kafin ta manta komai. Sai a lokacin Bulus ya sauke hannunsa daga aljihu.

Isufu ya ɗauke mu a wata a-kori-kura zuwa ƙauyen da akwatin yake. Ba zan kama sunan ƙauyen ba, don sun karɓe mu hannu biyu, kuma ba na son abin da zan faɗa ya zama abin gori a kansu. Gidan kawunsa aka sauke mu, a zauren da aka share aka yayyafa wa ruwa. Da tsohon ya ji Bulus Kirista ne, abin da ya tambaya kawai shi ne, "Mi ne ne ba ka ci?" Bulus ya ce ba abin da ba ya ci sai burodinsu. Tsoho ya yi dariya har da tari. Aka kawo tuwon gero da miyar kuka, da safe kunu, da rana fura wadda ta fi tamu nono nesa ba kusa ba. In mun tashi salla sai a kai wa Bulus kujera inuwa, wani dattijo da ya riga ya idar ya zauna ya taya shi hira don kada ya ji kaɗaici. Gaisuwarsu ta fi tamu tsawo, sai an tambaye ka gida da gajiya da dabbobi da mutanen Katsina kaf, kamar kai ke riƙe da su. In ban da tutarsu da kakin jandarma, da na rantse Tamawa nake.

Washegari aka kai mu ɗakin akwatin. Ɗakin ya fi ɗakin shan maganin garinmu tsabta. Akwatin yana manne a bango, ruwan toka, bai kai akwatin ƙarfen ɗan makarantar kwana ba, da 'yan fitilu kore da ja. Isufu ya ce mu dubi agogo. Ƙarfe tara daidai muka ji ƙas, inji na uku ya yi shiru, na huɗu ya ɗauka, can nesa bawul ya buɗe ruwa ya bi wata hanya. Ba wanda ya taɓa komai. Wallahi na ji daɗi har cikin raina. Abin da nake buri ke nan tun ina makaranta, aiki ya tafi yadda aka rubuta shi.

Isufu ya ce tun da aka sa shi ba a ƙara fasa kan kowa a bakin ƙofar ruwa ba, mai hali bai ƙara cin sa'ar talaka ba, injuna ma sun rage lalacewa. Duk gaskiya ne, manoman da muka tambaya sun shaida. Bulus yana ta rubutu. Ni kuwa a zuciyata na riga na gama rahoto, har na hango fuskar Baba lokacin da za a karanta shi, kuma ban ji tausayinsa ba. A gefen akwatin na lura da wata 'yar ƙofa da kwaɗo. Isufu ya ce a ciki akwai makunnin hannu, wanda da shi ake iya tsallake ƙwaƙwalwar a ba wata gona ruwa ba a lokacinta ba. Mabuɗin yana wurin darakta a Maraɗi, don in aka bar shi nan za a dami mai riƙonsa da roƙo, a koma gidan jiya. Na ce wannan dabara ce mai kyau.

Rana ta uku da hantsi, Bulus da Isufu suna duba wayoyi, na fita ni kaɗai in ga gonaki. Albasa kore shar dama da hagu. Sai na iske wata gona a tsakiya ta ƙone, ganyen ya kwanta ya yi fari. Abin da ya tsayar da ni shi ne bakin gonar. Ƙasa ta zaizaye, ga sawun ruwa ya yi kwari ya gangara cikin rami. Wato ruwa na zuwa, amma ba ya shiga fangali. Duk wanda ya yi aikin ban ruwa ya san bawul ba ya shayar da gona, sai mutum ya tsaya da fartanya yana ɓalle wannan fangali yana toshe wancan.

Wani magidanci na aiki a gonar da ke kusa, sunansa Malam Haruna. Muka gaisa, na tambaye shi ina mai wannan gona.

"Ya rasu," ya ce. "Jibi arba'in."

Ya ajiye fartanya ya ba ni labarin. Marigayin ranar ruwansa Alhamis ce da rana tsaka. Shi ya zaɓa da kansa tun farko, don shi ba ya zuwa kasuwa, sauran kuwa duk Alhamis suke kai albasa babbar kasuwa, tafiyar wuni guda. Matarsa na takaba, ba ta fita. 'Ya'yansa maza biyu suna ci-rani a kurmi, ba a ma san ko saƙo ya same su ba. Mako biyun farko maƙwabta suka yi karɓa-karɓa, wani ya fasa kasuwa ya tsaya. Mako na uku kowa ya zaci ɗan'uwansa ya tsaya. Na huɗu ma haka. A zafin bazara albasa ba ta jiran mako biyu.

Na ce, "To me ya hana a mayar da ranarsa kusa da taka?"

"Da haka akan yi," in ji Malam Haruna. "Da, ran da anka rufe mutum, kahin a watse daga maƙabarta mai rabon ruwa ya riga ya haɗa gonarshi da ta maƙwabci, fartanya guda ta shayar da biyu. Ba a roƙonshi, ba a gode mishi. Yanzu munka je ofis, anka ce sai an cire ƙwaƙwalwa an kai babban birni an wanke ta an sake rubutu, mai yin hakan kuwa sau biyu shike zuwa a shekara. Munka nemi mabuɗi. Sau biyu muna zuwa Maraɗi, darakta na rangadi."

Ya ce tunda na zo, mu je in yi gaisuwa. Muka tsaya bakin zana muka yi sallama, muka yi ta'aziyya, wata murya daga ciki ta amsa. Har mun juya sai matar ta ce, "Haruna, albasar tana nan lahiya?" Malam Haruna ya dubi ƙasa. Ya ce, "Muna dubawa, Yaya." Muka kama hanya. Ba ta sani ba, kuma ba wanda ya iya gaya mata.

Daga nan ya kai ni wurin tsohon mai rabon ruwansu, Malam Ɗan Jimma. Muka same shi ƙofar gida yana tufkar igiya, ita ce sana'arsa yanzu. Aka kifa mini turmi na zauna. Bai zagi akwatin ba, bai zagi kowa ba. Ya ce, "Masu abin sun zo da takarda sunka tambayi ofis wa ke shan ruwa, kuma yaushe. Ofis ya ba su jeri. Jerin ba ƙarya ba ne, ɗana, da shi muke soma rani. Amma ni ban taɓa gama mako yadda na soma shi ba." Ya shiga ambata mini mai suna da mai jinya da mai zaman makoki. Ya ce akwai gonar da ke kan yashi, in zafi ya tsananta sai an ƙara mata. Mutum biyu kuma in sun yi faɗa ba a haɗa su bakin ƙofa ɗaya sai sun huce.

Na ce, "Baba, kun gaya musu haka?"

"Wa za ni gaya ma? Ba a kira ni taron ba."

Ina zaune kan turmin nan kunya ta kama ni irin wadda ban taɓa ji ba. Ashe duk ranar da Baba Tanko ya leƙo ya ce in kashe in kunna, wani gida ne ke cikin wani hali, ni kuwa ina huci ina nuna masa takarda a bango. Takardar nan kuma ita na shirya miƙa wa kamfani a rubuta cikin ƙwaƙwalwa.

Da yamma na kai Bulus ya ga gonar, sannan muka zauna da Isufu. Bai yi musu ba. Ya ce, "Akwatin bai taɓa kuskure ba ko sau ɗaya. Mu ne munka ba shi rabin aikinmu munka ce duka ke nan, don mu kanmu ba mu san da sauran rabin ba. Kahin ku sayi komi, ku zauna da wanda ke aikin da hannunshi. Ku san wa zai canza jeri in an yi mutuwa, kuma kada mabuɗi shi kwana nesa da ruwa." Ya ce shi kansa ya rubuta wa na sama sau uku, amma a ma'aikatarsu ba a san teburin da irin wannan takarda za ta sauka ba, don ba gyara ba ce, ba kuma sayayya ba. Bulus ya rufe littafinsa ya ce, "Malam Lawal, mu ma ba mu da wannan teburin."

Dawowa ba wani labari. Jandarman iyaka ya gane Bulus ya tambaye shi lafiyar ƙwaƙwalwa, Bulus ya yi murmushin dole. Washegarin isowarmu gida, kafin in je wurin Alhaji, na sayi sabon littafi na nufi fadama, na iske Baba a bakin ƙofar ruwa ta yamma. Na durƙusa na gaishe shi, abin da na daɗe ban yi ba. Na gaya masa abin da na gani, na roƙe shi gafara kan maganar da na yi a gaban mutane. Ya ce ya wuce. Sannan na ce ina so ya faɗa mini yadda yake rabon nan da gaske, in rubuta, don kada a yi mana irin ta can.

Ya ce, "Lawali, ka san in na faɗa maka duka, kun gama da ni ke nan."

Na ce, "A'a, Baba, don in kare ku ne." Kuma a lokacin na yarda da abin da na faɗa.

"To. Buɗe littafin."

Kwana huɗu muna zagaya fadama, yana ɗingishi ina rubutu. Ya nuna mini gonar da ke shanye ruwa da sauri da wadda ke riƙewa, ya faɗa mini yadda ake yi ran suna da ran mutuwa da ran Juma'a, da wanda ake haɗawa da wane in ta ɓaci. Bai rage komai ba, sai a wuri uku ko huɗu da ya ɗora hannunsa kan littafin ya ce, "Wanga ba a rubutawa. Asirin gidan mutane ne."

Ranar kwamiti ni da Bulus bakinmu ɗaya. Muka ce akwatin yana da amfani, amma kada a rubuta masa takardar bango, a rubuta masa abin da ke cikin littafin nan. Muka ce mabuɗi ya zauna a fadama, kuma a bar shi a hannun Baba Tanko. Maganar littafi da ta mabuɗi suka karɓa ba gardama. Da aka zo kan Baba, Alhaji Sada ya gyara zama ya ce, "Lawal, ba kai ne ka ce tsohon nan yana son kai ba?" Na ce ni ne, ranka ya daɗe, kuma zaluntarsa na yi. Wani ya ce Baba ba ya karatun boko, ba zai gane lambobin akwatin ba. Wani ya ɗaga littafina sama ya ce, "Ai ga Tanko nan duka a ciki, me kuma ya rage?" Na tashi na yi ta magana har aka ce in zauna. Bulus ya ce a kira Baba a ji ta bakinsa, aka ce rana ta yi. Aka yanke cewa mabuɗi zai zauna a fadama, a hannuna. Baba kuwa a ɗinka masa riga a gode masa.

Ni na kai masa labarin, don ban yarda wani ya riga ni ba. Ya saurara har na gama, ya ce, "Allah shi sa haka ta fi alheri." Sai ya tambaye ni ko an gyara bawul ɗin gabas da ke yoyo.

Farkon ranin nan aka kafa akwatin. Yana aiki, ba zan yi masa ƙarya ba. A mako na uku wani manomi, Malam Idi, ya zo ɗakin inji da hantsi. Ya gaishe ni, ya tambayi iyali, ya tambayi aiki, ya yaba fitilun akwatin. Ya tsaya yana murza hularsa. Na ce, "Malam Idi, akwai magana?" Ya ce a'a, wucewa yake, ya tafi. Jikina ya ba ni akwai abu. Na bi littafin daga farko har ƙarshe, ban ga komai kan Idi ba sai irin ƙasar gonarsa. Ga mabuɗi a aljihuna, amma ban san wa zan buɗe wa ba.

Na hau keke na tafi gidan Baba. Na same shi kan tabarma a ƙofar gida, ya rame. Na durƙusa na gaya masa.

"Idi?" ya ce. "Matarshi na asibiti tun ran Lahadi, shi ke jinya. Ba zai roƙe ka ba, ubanshi ma bai taɓa roƙo ba. Haɗa shi da Sule maƙwabcin gonarshi ran Talata. Kuma kada ka nuna mishi ka sani."

"Baba, yaya aka yi kuka sani? Ba ku zuwa fadama."

"Ina zuwa gaisuwa."

Na miƙe na kama keke. Sai ya ce, "Lawali." Na tsaya.

"In wani ya ƙara zuwa, ka zo ka tambaya, ba komi. Amma ka fara shiga gidajen mutane da ƙafarka. Ni tawa ta kusa ƙarewa."

Na ce to, Baba. Ban iya ɗaga kai na dube shi ba.